Hoton da Babu Ƙafa

Kwanan baya jikata Zainabu ta shigo mini da kyamararta ta dijital da wani ɗan filashi, fitilar nan ta haska hoto, da ta aro a wurin ƙawarta. Wai ta ɗora shi ya ƙi tashi, in duba mata. Na kifa shi na leƙa ƙasansa, na ga 'yan ƙusoshinsa ba su hau kan na kyamararta ba, domin ba gidansu ɗaya ba. Na ce ta mayar wa mai shi. Sai ta ce to in ba ta nawa na da, wanda ke ƙasan akwati, ai filashi filashi ne. Na ce ta rufa mini asiri, wutar da ke cikin wancan tsohon in ta ratsa 'yar kyamarar nan tata mai laushin ciki, sai dai mu ji ƙauri.

Haka kuke ku 'yan yanzu. Ku danna, ku leƙa bayan kyamara, in bai yi ba ku goge ku sake, sannan ku ce wai ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, kowa ma ya iya. To ku saurara. Ni Azumi na yi shekara da shekaru ina ɗaukar hoto a cikin gidajen Kontagora, kuma yawancin hotunan nan har yau ban san yadda suka fito ba, domin ban taɓa sa su a ido ba.

Kawu Ndako, ƙanin mahaifiyata, shi ya sa ni a harkar. Yana da situdiyo kusa da kasuwa, ɗan shago mai labulen bango da aka zana wa jirgin sama. Maza ne ke zuwa: masu neman fasfo, 'yan makaranta, da fatake masu son a ɗauke su riƙe da rediyo. Lokacin aurena na fari ya mutu, ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Wata rana ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta Banufe: "Azumi, rabin garin nan yana bayan katanga. Ni iyakata zaure. Ke kuwa babu ɗakin da ba ki shiga." Washegari na fara da sharar shago. Daga nan sai haɗa maganin wanki, sai shanya hotuna a igiya, sai zaman ɗakin duhu da jar fitila har hancina ya saba da warin. Kawu ba ya duka, amma in kika ɓata masa takarda ɗaya, sai ya lika ta a bango inda duk mai shigowa zai gani, ya ce aikin 'yarsa ne.

Da na fara shiga gidaje sai na tarar da wata ƙa'ida da Kawu bai yi tunaninta ba. Magidanta sun yarda a ɗauki iyalinsu, amma ba su yarda fuskar matarsu ta je shagon wani ƙato ya wanke ya shanya ba. A lokacin kuwa alhazai na dawowa daga Makka da kyamara a cikin tsaraba, tare da agogo da darduma. Sai dokar ta zama: kyamarar maigida, fim ɗin maigida. A zaure zai sa fim da hannunsa ya miƙo mini, in shiga in yi aikina, in fito ya karɓe abinsa, ya aika Kaduna ko Ilori inda ba wanda ya san matarsa. Abin da ba su da shi shi ne haske, domin ɗakunanmu ko da tsakar rana duhu gare su, matan kuma ba su son hoton tsakar gida, kowace so take gadonta da jerenta su fito. Don haka kayan sana'ata gaba ɗaya suna shiga 'yar jakar hannu: filashi ɗan ƙarami kamar sabulun wanki, da wayarsa, da batir, da farin ƙyalle. Mata kuwa ba su ce masa filashi, walƙiya suke kiransa, ni kuma Azumi mai walƙiya.

Kowane gida da irin kyamararsa, kuma kowace da halinta. Akwai mai mazaunin filashi a ka, kina zura shi ya kama. Akwai wadda mazaunin nan ado ne kawai, sai kin ja waya kin sa a wani ɗan rami a gefe. Akwai mai rami biyu, in kika kuskure na daidai, walƙiya za ta tashi, kowa ya yi guɗa, hoto kuwa ya fito baƙi ƙirin. Akwai wata ta Rasha a gidan wani ma'aikacin gona, nauyinta kamar ɗan dutsen niƙa, ba ta da mazauni ko kaɗan, sai in riƙe ta da dama, filashi a hagu. Shi ya sa ban taɓa yarda maigida ya sa fim kafin in gwada ba. Nakan buɗe bayan kyamarar, in fuskanci bango, in leƙa ta ciki in danna. A cikin irin waɗannan kyamarori akwai ɗan labule da ke zugewa ya rufe. In na ga haske ya cika tagar nan fal, to sun daidaita da filashina. In na ga rabi, to labulen ya yi sauri. A saman kyamarar akwai ɗan faifai mai lambobi, ɗaya daga ciki da jan fenti, yawanci sittin. In aka wuce jar lambar nan, labule bai gama buɗewa ba walƙiya ta zo ta wuce, sai duhu ya cinye gefen hoto.

Ɗakin amarya shi ya fi ba ni wuya, shi kuma na fi kewa. Na tuna wani a unguwar malamai, an yi jeren kwanuka tun daga ƙasa har rufi, ga madubi, ga tangaran. In kika haska irin wannan ɗaki kai tsaye, kowane kwano sai ya mayar miki da martani, amarya ta ɓace a cikin ƙyalli. Uwar amarya kuwa ta tsaya a kaina, wai kowane kwano sai ya fito, don dangin uba su gani. Sai na sa mata biyu suka riƙe farin ƙyalle a gefe, na juya filashi ya bugi ƙyallen, hasken ya sauko a hankali. Ana yi ana canjin zane, wannan ta ari sarƙar waccan, turaren wuta ya cika ɗaki har sai na roƙa a fitar da kasko don hayaƙi na dusar da hoto. In na danna sai tsofaffi su yi salati, yara mata su kwashe da dariya. Ba na fita gida sai da ƙunshin nakiya ko alkaki. Kuma hanyar da nake sanin aiki ya yi kyau ɗaya ce: bayan wasu makonni a aiko mini da kwanon tuwo, ko a sake kirana suna. In shiru ya yi yawa, sai in tsargu.

Sai ga shekarar da kaya suka yi tashin gwauron zabo. Fim ya gagari mutane, batir ya zama abin lallaɓawa, har nakan shanya tsofaffi a rana don su ƙara ba ni ko walƙiya ɗaya. Kawu ya koma yanka fim gunduwa-gunduwa don masu fasfo. Kira ya ja baya. Magidanta suka gano wata dabara: su ari filashin su ɗauki iyalinsu da kansu, ai dannawa ce kawai. Abin ya yi mini zafi, amma wanda kika ci tuwon gidansa shekara da shekaru ba ki iya hana shi aro.

A cikin masu aron akwai Alhaji Bawa, bafataken hatsi, mutumin kirki mai gaggawa. Matarsa Rabi 'yar Sahon Rami ce, ta yi haihuwar fari da damina. Bisa al'ada a gaban uwarta ya kamata ta haihu, amma haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki a asibiti a nan gari. Uwar, Inna Tabawa, gwiwoyinta sun daɗe da kwantar da ita, ba ta iya shiga mota. Rabi kuma ga ɗinki ga jego, ba ta tafiya sai bayan arba'in, hanyar ma ruwa ya lalata ta. Alhaji ya ce zai ɗauki hoton yaron ranar suna a aika wa tsohuwa ta ga jikanta. Da ya zo karɓar filashi na ce, "Alhaji, a bar faifan nan a kan jar lamba." Ya ce, "Na ji, na ji," hankalinsa na kan ragon suna.

Bayan an kwana biyu sai ga aike daga Rabi, wai in zo ko me nake yi. Na same ta zaune a bakin gado, idanu sun kumbura, jariri na barci a cinyarta. Ta miƙo mini hotuna. Fuskarta ta fito tas, kan yaro da cikinsa sun fito, amma daga gwiwarsa zuwa ƙasa baƙi ne wuluk, kamar an shafa tawada. Da yake a wuri ɗaya ta zauna, kuma kwanciya ɗaya yaron ya yi, duk hotunan haka suke.

"Yaya Azumi, an riga an aika wa Inna guda," ta ce. "Direban Alhaji ya kai a rufe cikin ambulan. Tana gani ta ce ai ta sani. Wai tun da aka ce an feɗe ni ta san akwai abin da ake ɓoye mata. Wai yaron ba shi da ƙafa, shi ya sa aka rufe wurin."

"Ba ƙanwar Inna ta zo suna ba? Ai ta ga yaron."

"Ta gaya mata, har da rantsuwa. Inna ta ce baki muka haɗa don kada zuciyarta ta buga. Yanzu ta daina cin abinci. Ko kunu ba ta sha. In Inna ta mutu a kan wannan, ina zan sa kaina?"

Na warware zanen yaron na duba. Ƙafafu biyu lafiyayyu, har ya harbe ni da ɗaya. Dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, ban san wanda zan fara ba.

Na fito zaure na sami Alhaji ya yi tagumi. Bai jira na yi magana ba ya ce wani ne a kasuwa ya gaya masa babbar lamba ta fi fitar da hoto garau, sai ya murɗa. Na buɗe bayan kyamarar na ba shi ya leƙa, na danna, ya ga rabin haske da idonsa. Ya ce, "To yanzu ya za a yi? In aka sake aikawa Kaduna, kafin ya dawo ban san halin da tsohuwa za ta kai ba."

Na ce, "Akwai fim na baƙi da fari a wurin Kawu, yau za a ɗauka, yau za a wanke."

"To a ɗauki yaron shi kaɗai."

"Ranka ya daɗe, wadda ba ta yarda da rantsuwar ƙanwarta ba, in ta ga yaro shi kaɗai cewa za ta yi ɗan maƙwabta aka aro. Dole sai da fuskar Rabi."

Na san abin da ke cin sa: fuskar matarsa a shagon kasuwa. Na ce ni zan wanke da hannuna, Kawu ba zai shiga ba, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa, in an gama ya tafi da nagatif ɗinsa, wato fim ɗin da aka wanke. Ya daɗe yana jan gemu, sannan ya ce, "Allah ya sa mu dace."

Saura batir. Nawa sun sha wuya a hannun Alhaji, sababbi kuwa babu a kantin da muka aika, ga gari ya yi lumshi ba ranar shanya. Na jera su a gefen murhun da ake dafa ruwan jego har suka yi ɗumi, na zuba. Filashi in yana cika, wani ɗan kuka yake yi kamar na sauro, in ya cika jar fitila ta kama a bayansa. Ranar kukan nan jan jiki yake yi kamar zai ɗauke. Na san in na samu ɗaya, ba lallai in samu ta biyu ba.

Ana cikin haka Hajiya Yalwa, mahaifiyar Alhaji, ta shigo ta ga ana tuɓe yaro. "Me zan gani? Jaririn da bai yi arba'in ba za ku tsirara ku haska masa walƙiya a ido? Ga sanyin damina, ga bakin mutane?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ba a idonsa zan haska ba, a ƙyalle ne. Hoton kuma ido biyu kawai za su gan shi, na Inna Tabawa."

Ta yi tsaki, ta tofa wa yaron addu'a a ka, sannan ta fizge ƙyallen daga hannuna. "Kawo in riƙe da kaina. Tabawa ma da rigima take, tsofai-tsofai da ita."

Na mayar da faifai kan jar lamba. Na zaunar da Rabi ta jingina yaron a ƙirjinta, yana kallona, ƙafafunsa a miƙe kan farin zane, a tsakiyar hoto sosai inda ko labule ya yi gardama ba zai kai ba. Sanyi ya taɓa shi ya tsala ihu, yana ta harbe-harbe. Jar fitila ta kama. Rabi tana cewa in danna, Hajiya tana cewa hannunta ya gaji, ni kuwa na ƙi, ina jiran ya miƙe su duka biyu. Da ya ja numfashi zai sake wani ihun sai ya sandare ƙafafun, yatsu a baje. Na danna. Ɗaki ya yi fari ya koma duhu. Na saurara ko filashi zai sake kuka, shiru.

A shago, Alhaji da Kawu suka zauna a benci ɗaya a ƙofar ɗakin duhu, kowa na tsaron kowa. Na wanke fim, na busar da shi da mafici, na haska a takarda na tsoma a magani. Kun san yadda hoto ke fitowa a cikin tire? A hankali, kamar mutum na tahowa daga nesa. Ɗankwalin Rabi ya fara bayyana, sai idanunta, sai buɗaɗɗen bakin yaro. Sai gwiwoyi, sai ƙwauri, sai tafin ƙafa. Wannan ne karo na farko da na ga aikina na cikin gida da idona, kuma wallahi ya yi kyau, hasken ya kwanta a fuskarta lumui. Daɗi ya kama ni har na manta ana jirana.

"Azumi, ya fito?" in ji Alhaji daga waje.

"Har farce, Alhaji."

Na ji Kawu yana cewa, "'Yata ce fa," shi da bai ga komai ba.

Alhaji ba ya iya shiga ɗakin surukarsa ya yi mata bayanin ƙafa, kunya ba ta bari, Rabi kuma ta ce ba ta yarda a sake ba direba ba. Don haka washegari ni aka sa a gaban motar hatsi. Inda ruwa ya cinye hanya muka sauka, na tattare zane na taka taɓo, hoton na cikin leda a ƙirjina.

Na tarar da Inna Tabawa kwance ta juya wa ƙofa baya, ta rame, ga kwanon kunu a rufe a gefenta ba a taɓa ba. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ga baƙuwa daga wurin Rabi."

"In wata rantsuwar aka kawo, a mayar," ta ce ba ta juyo ba.

Na ce, "Inna, ni ba rantsuwa na kawo ba. Mai hoto ce."

"Ku ne masu rufe abin da Allah ya yi?"

"Mu ne, Inna. Yau kuma mun buɗe."

Ta juyo da ƙyar. Muka tallafe ta zuwa bakin ƙofa inda haske yake, na sa mata hoton a hannu. Fuskar Rabi ta fara dubawa, ta daɗe a kai, ta ce yarinyar ta faɗa. Sannan ta sa yatsa a kan yaron ta gangaro a hankali, ciki, cinya, gwiwa. A gwiwar ta tsaya, kamar tana tsoron abin da ke gaba. Sai ta ƙarasa. Ta bi ƙafar dama har ƙarshe, ta dawo ta bi ta hagu. Ta kawo hoton dab da idonta.

"Dubi babban yatsan nan yadda ya ware," ta ce wa ƙanwarta. "Wannan ai ƙafar kakansa Malam ce, Allah ya jiƙansa. Takalmi bai taɓa yi masa daidai ba."

Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta ɗaga hoton tana harararsa.

"Kai kuma mijin banza, ƙafa biyu garau, ka bar ni da yunwa kwana da kwanaki." Ta tura kwanon da gefen hannu. "Kunun nan ya huce. A ɗumama mini shi."